Waƙar Laraba da Ƙashin Akuya

Ranar Litinin, ɗaya ga Oktoba, 1979, ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ita ce ranar da aka rataya wa Laraba ƙashin akuya a wuya a gaban baƙi. Ina tsaye a bayanta cikin layin 'yan aji shida, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Gidan haya ɗaya muke da su Laraba a Gyaɗi-Gyaɗi. Babanta ma'aikacin gwamnati ne daga kudancin Kaduna. Rijiya ɗaya muke ja, tare muke kai niƙa, tare muke ratsa gonaki zuwa makarantarmu a Tarauni muna shan takanda. In ana gaɗa, ita ke ba da waƙa mu amsa. Amma a makaranta Hausa laifi ce. Duk wanda aka ji ya yi ta, sai a rataya masa wani ƙashin akuya mai igiya, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Haka aka mai da mu 'yan sa-ido a kan juna.

Malama Lila ce kaɗai ba ta taɓa ƙashin nan. Ba'indiya ce, tana koya mana lissafi. In darasi ya ƙare da wuri, sai ta ba mu labarin wani mawaƙin ƙasarsu da ya rasu tuntuni. Sunansa ya gagari bakinmu, sai muke ce masa Tsohon Malama. A zamaninsa, in ji ta, masana ba sa rubuta waƙa sai da harshen fada da ɗakunan ibada, shi kuwa ya ɗauki harshen Hindi da ake ciniki da shi a kasuwa ya rubuta tasa. Aka yi masa dariya, aka ce ya zubar da mutuncin waƙa. Yanzu kuwa 'yan makaranta ne ke haddace waƙoƙinsa.

Labarin nan ya shiga ran Laraba. Ta tsara waƙa da Hausa a kan rijiyar gidanmu da gugan da kowa ke ara ba ya mayarwa. Na yi naci ta ƙi faɗa mini ƙarshenta, wai sai ranar bikin ɗaya ga Oktoba. Malama ta sa ta cikin masu karatu, hedimasta kuma bai tambayi da wane harshe za a yi ba.

Baiti biyu kawai ta yi. Hedimasta ya taso ya ce ba dai a gaban manyan baƙi ba, ya sa monita ya kawo ƙashin. A ranar da rediyo ke ta shelar an mayar wa talaka 'yancinsa! Sai Malama Lila ta fito, ta tsaya inda Laraba ta tsaya, ta rera waƙar Tsohon da Hindi. Mutanen Kano da son Indiyanci, nan da nan fili ya kaure da tafi, hedimasta a kan gaba, alhali babu wanda ya fahimci ko kalma ɗaya. Ta bari suka gama, sannan ta ce da gurguwar Hausarta, "Wannan maganar kasuwa ce a garinmu. Irin ta Laraba ce." Ta cire ƙashin daga wuyan Laraba ta rataya a nata wuyan. Baƙi suka yi dariya, sun ɗauka wasan kwaikwayo ne. Babu wanda ya ce Laraba ta dawo ta ƙarasa.

Daga ranar ba ta sake ba da waƙa a gaɗa ba.

Yanzu gonakin nan sun zama gidaje da shaguna, an daɗe da toshe rijiyar, amma a makarantar jikata har yau ana sa yaro durƙuso in ya yi Hausa. Bara na gamu da Laraba a Unguwa Uku, ta yi ritaya daga aikin nas. Na roƙe ta ta ƙarasa mini waƙar. Ta ce, "'Yar'uwa, ko farkonta ban tuna ba."

Tsohon Malama ya samu masu haddace masa. Ta Laraba baiti biyu ne suka rage, kuma a kaina kaɗai suke.