Wankan Jego a Gidan Katako

Haihuwata ta fari a Alƙahira ta same ni, cikin hunturu, a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin. Mijina Malam yana ɗalibi, muna haya a unguwar Faisal, ba uwa ba goggo. Ni kuwa na tashi da sanin cewa maijegon da ba ta yi wankan ruwan zafi ba, sanyi zai shige ta, kuma ba zai fita ba har tsufanta. Malam, Allah ya ji ƙansa, ya duba littattafansa kaf bai ga wankan jego ba, sai ya nuna mini risho da butar shayi ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ki yi maneji da wannan." Na yi masa kuka ba kaɗan ba.

Maƙwabciyarmu Bamisriya ce ta ji kukan. Da ta gane icce nake nema da babbar tukunya, sai ta kwashe ni da jaririyar zuwa gidan iyayenta, a wani ƙauye cikin gonaki, arewa da birnin.

Ban taɓa ganin gida irinsa ba. Ƙasansa tubalin laka ne, samansa kuwa katako. An kafa ginshiƙai, an gitta wasu a kansu, an sassaƙe bakin wannan an cusa cikin wancan. Tsakaninsu siraran katakai jere kamar haƙarƙari, an shafe su da farar ƙasa. Inda shafen ya ɓanɓare, kana hango gonar alkama ta tsagar. Ko kyanwa ta taka daɓen sai ya yi ƙara. Kakansu ya gina wannan ɗakin na sama domin manyan baƙi, tagoginsa duka suna kallon arewa don su kamo iska.

To, nan suka sauke ni, don girmamawa. Maijego a ɗakin shan iska. Kunya ta hana ni magana, na kwana ina karkarwa.

Da safe uwar gidan ta kawo madara, ta taɓa ƙafata, ta ji ta kamar ƙanƙara. "Ya binti, 'yata, me ya hana ki faɗa?" Da guntun Larabcina da hannuwa na yi mata bayani. Ba ta yi dariya ba. Ta sauko da ni wani ɗaki mai duhu a ƙasa, inda katakan rufi suka yi baƙi ƙirin da hayaƙi. A ciki akwai tanderun burodi na laka, samansa shimfiɗe, a kansa suke kwana da sanyi. Ashe gadon ƙasa irin na garinmu ne. Da na kwanta ɗumin ya ratsa bayana, sai na ji kamar a ɗakin innata nake.

Saura wuta. Su da karan auduga da na masara suke girki, mai cin wuta nan da nan, tukunyata kuwa safe da yamma ba ta ƙoshi. Kafin a je ko'ina tarin karan ya yi ƙasa, kuma da shi ake gasa burodin gida. Na ce musu zan daina wankan. Na faɗa ne kawai, raina bai so ba.

Maigidan tsohon manomi ne marar yawan magana. Ya zagaya bayan gida ya jawo wani dogon katako da ya daɗe yana ajiya, don ya canza wanda ya lanƙwasa a ƙarƙashin ɗakin sama. Katako a ƙasar tasu ba abin wasa ba ne. Na ga ya ɗauko gatari, na ce, "Baba, don Allah kar ka yi."

Ya ce, "Ɗaki zai iya jira, binti. Ke ba za ki iya ba."

Na yi arba'in lafiya lau, na koma Faisal da ƙiba har Malam yana tsokanata. Har yau ba na sallah ban sa tsohon nan da matarsa a addu'a ba. Sai bayan shekaru maƙwabciyata ta gaya mini bai ƙara samun wani katakon ba. Daɓen ya ci gaba da lotsawa, aka rufe ɗakin sama, kuma ba a sake sauke baƙo a cikinsa ba.