Munkaila da Ɓaunar Isufu

Duk wanda ya bi ta bayan tashar Matameye ya san rumfar Munkaila, inda ake sa wa wayoyi wuta. Dogo ne mai faɗin ƙirji, ya ba arba'in baya. Haƙoransa biyu na gaba babu, kafaɗarsa ta hagu kuma ta ɗan sauka. Yammaci uku na yi ina zama gefensa kafin ya yarda ya faɗa mini yadda aka yi.

Cikin farauta ya tashi. Idan aka kwashe amfanin gona, sai a buga gangi, mazan Matameye da na Dungu da na Yauri su shiga daji da karnuka da gora da barandami. Suna da ƙa'ida guda da ba a wasa da ita. Wanda ya fara fitar wa dabba jini, tasa ce, ko da za ta yi gudun yini. Ba a ƙarasa dabbar wani sai shi ya ce a ƙarasa. Wanda ya yi haka ya nuna wa duniya cewa mai dabbar bai iya ba.

A kan wannan Munkaila ya ɓata rayuwarsa ta farko. Wata rana a dajin Yauri ya jefi gada ya karya mata ƙafa. Yana biye da jininta, sai ya tarar Cha'ibu, wan matarsa Hajara, ya riga ya yanka ta. Munkaila ya yi kansa. Gora uku ya sauke masa. Ta farko ta fasa kai, biyun suka karya hannun dama har ƙashi ya huda fata ya fito. A amalanke aka kawo Cha'ibu gari, jini na ɗiga ta tsakanin katako.

Hajara ta kwashi yaranta ta koma gidansu, wata bakwai. Da manya suka shiga maganar, Munkaila ya durƙusa gaban Malam da dangin matarsa ya ce: "In na sake dukan ɗan Adam, babba ko yaro, aurena da Hajara ya mutu." Malam ya ce masa ya san nauyin abin da ya furta? Ya ce ya sani, Hajara ta dawo ɗakinta. Ya sayar da karnukansa, ya fara tafiya ci-rani.

A Kano ya samu gadi a wani shagon gyaran kwamfuta, wadda mu nan muke ce wa odinatar. Da rana in ciniki ya lafa, masu gyara sukan kunna wani tsohon wasa. Mutum shi kaɗai ne a wani sansani can a wata duniya cikin taurari. Ba a ganin fuskarsa, sai hannunsa da bakin bindiga. Ƙofofin ƙarfe na buɗewa, dodanni na fitowa suna watso wuta. Ka harba, nama ya tarwatse, jini ya fantsama a bango.

"Ranar da na fara harbi, sai da na ji warin albarushi a hancina," in ji shi. "Na ce to, ga dajin da ba a karya wan matar kowa."

Rani na biyar maigidan ya ba shi wata tsohuwar na'ura. Ya kawo ta gida, ya haɗa ta da batir ɗin da hasken rana ke cikawa. Abokansa mafarauta suka mai da rumfar wurin zama. Suka raɗa wa dodannin suna: masu gudu kuraye, masu tofa wuta kumurci. Babban da ke ƙarshen zango, mai ƙaho da bindiga a maimakon hannu, suka ce masa Ɓauna. Na'urar tana da aibi guda: in wuta ta ɗauke, ta manta komai, sai a koma farkon zango.

Isufu ɗan Dungu ne, mafarauci mai zafin kai, shekarunsa ba su kai talatin ba. Duk ranar kasuwa yana zuwa saboda Ɓauna. Kasuwa uku tana kashe shi, ana yi masa dariya. A ta huɗu ya isa gare ta da harsashi cike. Ya zagaye ginshiƙi yana yi mata ruwan wuta, ta fasa masa sulke, ya fasa mata ciki. Tana ruri, jini na zuba, rumfa ta cika har waje.

Ana cikin haka aka ce karensa ya tsinke igiya ya kama akuyar wani. Isufu ya danna maɓallin tsayarwa ya miƙe.

"Kowa ya ga jininta," ya ce. "Tawa ce."

Ya fita da gudu. Bai daɗe ba batir ya fara kuka, jar fitila na ƙiftawa, don yini aka yi da hadari. Munkaila ya dubi hanya, babu Isufu. Ya ce mini abin da ya zo masa kawai shi ne wahalar kasuwa huɗu za ta tafi a banza. A shagon Kano haka ake yi, in wani ya tashi wani ya zauna. Ya zauna, ya saki harbi biyu. Ɓauna ta durƙusa ta fashe. Ko minti ba a yi ba na'ura ta mutu.

Ya waiwaya. A nan ya tuna mafarauta ne ke tsaye a bayansa.

Isufu ya dawo yana haki. Illa mai shayi, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya tare shi.

"Ɗan Dungu, sannu da kiwon kare! An taimaka maka."

"An yi me?"

"An ga ba za ka iya ba, babban yaya ya yanka maka. Sai ka zo ka ɗauki fata."

Aka fashe da dariya. Munkaila ya miƙe ya ce, "Ƙanena, tsaya ka ji. Wuta ce za ta..."

"Na ce a ƙarasa?"

"Ba ka ce ba."

"Kai da ka sabauta Cha'ibu a kan gada, kai ne za ka yi mini haka?"

Gorar Isufu na rataye a kafaɗarsa. Ta farko ta sauka a kan Munkaila, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ta biyu ta samu kafaɗa, mutanen waje ma sun ji ƙarar ƙashin. A ta uku Munkaila ya cafke gorar ya fizge. Isufu ya biyo ta, ya kife a kan tebur, wayoyin mutane suka watse. Da ya juyo, Munkaila na tsaye a kansa, gora a sama.

"Na ga daidai inda zan sauke ta," ya ce mini, yana nuna bayan kunne. "Hannuna ya san hanya. Sau biyu ya tafi, ina dawo da shi."

Ya wurga gorar kan rufin rumfa. Ya zauna a ƙasa, ya tura hannunsa mai lafiya ƙarƙashin cinya ya danne. Isufu ya ɗauka wani sabon raini ne. Ya zaro ƙarfen da ake tokare ƙofa da shi ya kai masa a baki. Haƙora biyu suka faɗo cikin yashi, leɓe ya tsage har haɓa. Ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari yana cewa, "Tashi! Tashi ka rama!" Munkaila bai zare hannun ba. Sai da mutum huɗu suka taru suka janye Isufu.

Kafin a gama ɗinke shi a asibiti, labari ya riga shi gida, kuma a karkace. Aka ce wa Hajara mijinta ya ka da mutum a tasha. Ta ɗaure kayanta ta tafi gidan Cha'ibu, ta ce ba ta zama da namiji alhali ba ta san ko mijinta ne ba.

Aka kai magana gaban Malam. Shaidu suka rabu. Wasu suka ce fizgar nan duka ce, tunda mutum ya faɗi. Wasu suka ce kare kai ne. Malam ya ce wanda aka ce an daka shi ne zai faɗa. Aka aika Dungu.

Kwana uku Isufu bai zo ba. Munkaila na kwance shi kaɗai, yana shan kunu da gefen baki. A na huɗu Isufu ya iso gaban Malam, ya zauna bakin tabarma, bai dubi kowa ba.

"Ya dake ka?" in ji Malam.

"Ya ƙarasa mini dabba, Malam. Wannan ban yafe ba."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Isufu ya daɗe yana tona ƙasa da yatsa.

"Gora ya karɓe. Ni na biyo ta na faɗi. Ya ɗaga, bai sauke ba."

Malam ya ce aure na nan. Da la'asar Hajara ta dawo da ƙullin kayanta a ka. Ta tsaya a bakin ɗaki ta dubi bakin mijinta da ya kumbura kamar tulu.

"Yanzu a kan naman da ba a ci aka yi maka haka?"

Ya so ya yi dariya, ɗinki ya hana shi. Ta sauke kayan, ta ɗora ruwan zafi.