Mai Jinyar Baba Sannu

Duk unguwar ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba Sannu. Direban motar burodi ne, ya tsufa yana kai kaya ta ƙofar baya: otal-otal, kantuna, kicin ɗin asibiti. A can ake samun masu gadi, masu shara da masu wanke-wanke, mutanen da ake wucewa kamar ba a gan su ba. Shi ba ya wuce su. Sai ya kashe mota, ya ce sannu da aiki, ya tambayi sunan mutum, ya kuma riƙe sunan. Ya san maigadin da ƙafarsa ke kumbura, ya san mai sharar da ɗanta ke fama da asma. Cewa yake Almasihu ba da kwat yake zuwa ba, da tsintsiya a hannu yake zuwa, don haka a yi hattara da wanda ake rainawa.

Matarsa ta fi kowa sanin daɗin wannan sannun, don da shi ya kama ta. Tana budurwa wanke-wanke take yi a kicin ɗin wani otal, sabulu ya tsattsaga mata hannuwa, shugaban kicin kuma bai san ta da wani suna ba sai "ke". Wata safiya direban burodi ya sauke kayansa, ya dubi tulin kwanukan da ke gabanta, ya yi mata sannu, ya tambayi sunanta. Washegari ya kawo mata man shafawa. Ta ɓuya a bayan firij ta yi kukanta. Ba a jima ba aka ɗaura musu aure a coci.

To, ashe sannun na baƙi ne. Kada a yi wa bawan Allah ƙarya: bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai bar gida da yunwa ba, bai kalli wata mace ba. Amma da ya shigo ya rataye makullin mota a ƙusar baranda, sai ya rataye fara'arsa tare da shi. Ta ajiye abinci, ya ci, ya ture kwano. In gishiri ya yi yawa za ta ji. In ya yi daidai, shiru. Sunan nan da ya tambaya a kicin ya bi ruwa, ta koma "ke" a cikin ɗakinta. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Lahadi. Fasto ba ya gajiya da kafa misali da shi, matan zumunta kuma su yi ta tsokanarta wai ta tsinci dami a kala, ko yana da ƙane a ba su? Ita dai sai murmushi. Wa za ta gaya wa? Ta ce me? Mijina ba ya ce mini sannu? Ai dariya za a yi mata. Sau ɗaya ta taɓa yi masa maganar, ranar da ta ga ya bi mai kwashe shara da ruwan sanyi har bakin titi, alhali ita tun safe take durƙushe kan wankinsa. Ya dube ta da mamaki na gaskiya.

"Ni da ke ai abu ɗaya ne," in ji shi. "Mutum yana yi wa hannunsa godiya?"

Ba ta sake ba. Ta haɗiye, ta haifa masa 'ya'ya, ta aurar da su, ɗacin yana nan inda ta ajiye shi. Ba komai take nema ba sai kalmar nan guda da yake rabarwa kyauta a titi.

Bayan ya ajiye tuƙi sai mantuwa ta kama shi. Ta fara da makulli, ta cinye hanyar coci, ta cinye sunayen 'ya'yansa. Wata safiya ta kai masa shayi. Ya gyara zama, fuskarsa ta washe irin yadda take washewa a ƙofar baya.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. Yaya sunanki?"

Ta miƙa masa kofin. Ya ɗauka mai jinya ce yara suka ɗauko masa. Ya yaba shayin. Ya lura da hannuwanta, ya ce aiki ya ci su, ta riƙa shafa mai. Ta fita tsakar gida ta zauna kan bokiti, ta rasa ko murna za ta yi ko ta fasa wani abu.

Ta gwada gaya masa gaskiya, don ita ba maƙaryaciya ba ce. Ta ce ita ce fa, uwar 'ya'yansa. Ya ƙura mata ido, a hankali ya gane ta, fuskar nan ta rufe ruf. Ya ce shayin ya huce, ya juya ya fuskanci bango. Wunin ranar bai sake ce mata uffan ba.

Don haka da autarsu ta zo da hoton aurensu, wai likita ya ce a riƙa nuna masa abin da zai tuna, uwar ta karɓe shi ta jefa a durowa. Autar ta ce wannan yaudara ce, Mama, kuma zunubi ne a bar mutum bai san matarsa ba.

"Ya san ta shekara da shekaru," in ji uwar. "Na ga abin da sanin ya yi mini. Ki bar ni da zunubina."

Yanzu haka suke zaune. Tana yi masa aski, tana yanke masa farce, yana sa mata albarka. Jiya da rana, tana goge masa baki, ya tambaye ta ko tana da miji. Ta ce tana da shi. Ya ce Allah ya sa ya san abin da ya samu, don maza da yawa ba su sani ba. Ta ce amin. Sai ya ce ta gaji haka nan, ta tafi gida ta huta, kada maigidanta ya yi ta jira.

Ta ɗauki jakarta, ta yi masa sai gobe, ta fita ta ja ƙofa. Ta tsaya a baranda kusa da tsofaffin takalmansa, tana kallon ƙusar da ba makulli, har ta tabbata ya manta da ita. Sannan ta gyara ɗankwalinta, ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta, ta jira a ce mata sannu da zuwa.