Bana Shamuwa Ba Ta Sauka Ba

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Malam Sale makwancinsa a ƙauyenmu, tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Na saba tuna shi da dariya. Bana da takaici nake tuna shi.

Malamin firamare ne, manomin masara kamar kowa, sai dai yana da wata ɗabi'a da ta sa ake ce masa Sarkin Tsuntsaye, ba kuma don yabo ba. Duk irin tsuntsun da ya gani da idonsa sai ya rubuta sunansa, sau ɗaya a shekara. Shekara ta kewayo, ya buɗe sabon shafi. Amma shekarar tasa ba ta Bature ba ce, ba kuma ta Muharram ba. Ranar da shamuwa ta fara sauka a kan tsamiyar ƙofar gidanmu, ranar shekararsa ke kamawa. Kafin nan ko gauraka ce ta zo ta yi masa rawa, ba zai ɗaga biro ba. Daga shamuwa sai sauran su biyo: cilakowa, ragon maza, zalɓe a dam ɗin Mairuwa, carki a bayan shanun Fulani.

Masu yi masa ba'a a majalisa, su ne dai da bazara ta yi zafi za su raɓo suna sosa ƙeya: “Malam, baƙuwar taka ta iso kuwa?” So suke su san ko lokacin fito da iri ya yi.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa ya ce mini, “Ƙanena, na san ba ka bambance kurciya da hasbiya. Ka dai riƙa buɗe mini shekarar.” Na amsa, na kuma cika. Har ma na koyi bambance su, ko da yake da ƙyar.

To, me zai ce da ya ga yau? Madubin hangen nesansa yana cikin akwati, don duk wanda ya rataya shi ya doshi dajin Dandume yanzu, kafin ya ga tsuntsu ɗaya an ce mai kai wa 'yan bindiga rahoto ne. Ungulu da muke kora a mahauta, yau ko ɗaya babu. Duk wannan na haɗiye, don ba a hannunmu yake ba. Tsamiyar ce ke hannunmu.

Babban ɗansa Nura, yaron kirki mai zumunci, shi ya ce zai gina shagon taki a gurbinta. Na roƙe shi ya matsa gefe. Ya ce gefen ba ya fuskantar titi. Na ce to ya bari shamuwoyin su zo su ƙyanƙyashe su tafi.

“Baffa, tsuntsu fa ba ya rasa bishiya. Ga kashinsu duk ya ɓata mana kwanon ɗaki.”

Da ladabi ya faɗa, kansa a ƙasa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan, don ban sami inda zan kama in yi faɗa ba. Masu inji suka zo da hantsi, kafin azahar tsamiyar da ta girmi ubanmu ta zama itacen girki.

Da hadari ya fara haɗowa daga gabas sai ga shamuwoyin. Ina tsaye da biro a hannu. Suka yi ta kewaya saman shagon, suna ƙasa-ƙasa kamar baƙon da ya tarar da kwaɗo a ƙofa, sannan suka miƙe yamma.

Yanzu masara ta kai ƙugu. Na ga cilakowa, na ga zalɓe, ban rubuta ko ɗaya ba, don ƙa'idarsa ce, ba ni da ikon sake ta. Abin da ya rage mini na Yaya Sale ke nan: har yau in na fito da safe, sama nake fara dubawa. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Bana shekararka ba ta buɗe ba.