Waƙar da Ba Ta Cikin Kaset

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, ma'abota tsofaffin rikoda da kaset.

Shekara da shekaru kuna tambayata me ya sa kunne ɗaya nake sa wa iyafis, wato abin kunne, ni kuwa sai in yi dariya in bar zancen. Yau zan faɗa. Ko 'ya'yana ba su san labarin duka ba.

Ni ɗan Fulatan ne ta ƙasar Rogo, amma a Karaye na koyi ɗinki. A can, a shekarun alif ɗari tara da casa'in da 'yan kai, na sayi 'yar ƙaramar rikoda ta gwanjo, mai rataya a ƙugu, da abin kunnenta mai soso. Kun san halinmu: a juya kaset da biro, a shanya batir a rana. Keken ɗinki na ƙara, ni kuma in ƙure murya. Soson ya yage ban fasa sawa ba. Abokai su ara, su dawo min da shi jiƙe da gumi.

Da ƙaiƙayi aka fara, a kunnen hagu. Na riƙa sosawa da tsinken ashana.

Sai ruwa mai wari. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, na toshe da auduga, na ɗora abin kunne a kai.

Wata ranar kasuwa da azahar, ina ɗinki, kaset ya ƙare. Na ji maɓallin ya yi ƙas. Amma waƙa ba ta tsaya ba.

Muryar tsohuwa ce, da Fulatanci, a hankali, ana jin ƙarar gora kamar ana kaɗa nono. Ba ni da kaset irin wannan. Na cire abin kunne, na zare batir na ajiye a kan keke ina kallonsu. Tana nan tana yi, daidai kafaɗata ta hagu.

Na ce wa maigidana, "Malam Ado, wa ya kunna rediyo?"

Ya dube ni ya ce, "Rediyon wa? Tun safe babu wuta."

Daga nan kullum sai ta zo. In ina cikin mutane ta rage murya, in na kaɗaita ta matso. Na daina tafiya ni kaɗai a hanyar gona.

Da zazzaɓi ya kwantar da ni aka mayar da ni gida. Inna, mahaifiyata, ta ce, "Me kake ji, Sale?"

Na rera mata kaɗan.

Ƙwaryar hannunta ta faɗi. Ta ce, "Waƙar mahaifiyata ce. Kana goye ta rasu. Tun da aka binne ta ba wanda ya sake yin ta a gidan nan."

Aka kira malami. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, na sha rubutu. Bayan kunnen ya kumbura kamar ƙwan zabo, bakina ya fara karkacewa, idon hagu ya ƙi rufuwa. Mata suna zuwa dubiya suna tsayawa daga bakin ƙofa.

Yayana Habu ne ya ce, "Inna, a ci gaba da addu'a. Amma aljani ba ya zubar da mugunya. Asibiti za mu."

Ya sayar da bijiminsa. Daga asibitin Karaye aka tura mu Kano. Yankan kati, layi tun safe, ɗibar jini, hoton kai. Sannan aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, aka ɗora min wani ƙaton abin kunne, mafi kyau da na taɓa gani, aka ce in ɗaga hannu in na ji ƙara. Kunnen dama ya ji komai. Da aka koma hagu, ba na jin kowa sai tsohuwar.

Likita ya ce, "Ciwon ya ci ƙashin bayan kunne, saura ƙiris ya taɓa ƙwaƙwalwa. Sai aiki."

Na tambaye shi zancen waƙar. Ya ce, "In kunne ya mutu, wani lokacin ƙwaƙwalwa takan fito da abin da ta ajiye. Wataƙila ka ji ta kana jariri."

Da safen da za a shiga da ni, Inna ta sunkuyo ta ce, "Sale, yi min waƙar har ƙarshe. Na manta ƙarshenta."

Na bi muryar baki da baki, da karkataccen bakina. Inna tana amsawa, hawaye na zuba.

Da na farfaɗo, kaina naɗe da bandeji, shiru na ji. Shirun da har ya ba ni tsoro.

Inna ta ce, "Ta tafi?"

Na ce, "Ta tafi."

Ta ce, "Allah Ya ji ƙanta," ta juya fuska bango.

Na yi makonni ana allura ana wankin ciwo. Bakina ya dawo daidai a hankali. Kunnen hagu bai dawo ba, waƙar ma haka. Ko layi ɗaya ban iya tunawa yau.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan da ban riƙe sunansa ba, da Yaya Habu da bai taɓa tayar min da zancen bijiminsa ba.

Shawarata gare ku: ku rage murya. Kada ku ara wa kowa abin kunne, kada ku sa tsinke a kunne. Kunne in ya fara ruwa, ko kuna jin abin da na kusa da ku ba ya ji, ku yi addu'a, amma ku yi ta a kan hanyar asibiti.

Duk wanda ya karanta har nan, ya sa Inna da mahaifiyarta a addu'a. Yanzu suna maƙwabtaka a maƙabartar Fulatan.