Tafiyata Libreville Jin Karatun 'Yar Fari

'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, kun ce in na dawo in rubuta muku yadda tafiyar ta kasance. To ga shi, ku yi haƙuri da rubutun hannuna.

Alhamis: daga Bitam

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba maigidana Malam ya raka ni tasha. Dalilin tafiyar kuwa, ƙanwarsa Asabe ce ta bugo waya daga Libreville, ta ce 'yarmu ta fari da ke karatu a wurinta an zaɓe ta cikin sababbin marubuta, za ta karanta labarinta a wani bikin littattafai. Ta ce yarinyar ta hana a gaya mini, wai ko an faɗa ba zan zo ba, tunda ban damu da ita ba. Kwana uku maganar nan tana tsaye a ƙirjina. Kun san kunyar ɗan fari a wurinmu: shekararta ashirin da biyu, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta gaban mutane ba. Ni a ganina tarbiyya ce. Ita da aka haifa a nan Gabon, ta tashi tana ganin iyayen ƙawayenta suna rungumarsu a ƙofar lekol, wato makaranta, ashe wani abu daban take gani.

Kuɗin mota jaka goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar. Mun wuce Oyem ƙarfe shida da rabi. Kafin Mitzic jandarmomi sun sauke mu sau biyu, kowa ya nuna katin zama. Direba ya tambayi abin da zai kai ni birni, na gaya masa da Faransancina na kasuwa. Nan take ya dawo da ni kujerar gaba, ya ce uwar marubuciya ba ta zama kusa da damin ayaba. Sai ya nemi sunan yarinyar don ya sayi littafin. Na ce ya tambayi ubanta. Ya daɗe yana kallona ta gefen ido.

Ƙarfe ɗaya muka tsaya a Ndjolé. Na yi salla a bakin kogi, na sayi gasasshen nama na jaka ɗaya wurin wani Bamaraɗe, da curin rogo naɗe a ganye. Daga nan sai ruwan sama da manyan motocin katako, tafiya ta koma rarrafe. Kilomita wajen ɗari shida, ba mu shiga Libreville ba sai bayan magariba.

Asabe ta tarye ni. Tasin garin nan kai ke faɗa wa direba unguwa da abin da za ka biya, in ya yarda ya danna hon, in bai yarda ba ya wuce ko kallonka bai yi. Huɗu suka wuce mu kafin muka samu ta Awendjé. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, kin rame." Asabe ta harare ni.

Asabar: wurin biki

Juma'a na huta. Asabar ƙarfe tara muka isa wani babban zaure a Cocotiers. Wallahi ban taɓa ganin littattafai da yawa haka wuri ɗaya ba. Amma abin da ya fi burge ni shi ne teburan da aka jera a baranda. Manyan marubuta, wasu da furfura, kowanne ya zaunar da sabon shiga gabansa, fensir a hannu, suna bin layi-layi. Ba tsawa, ba wulaƙanci. Na ga wani mai gadi da kakinsa ya kawo rubutu a littafin 'yan makaranta, aka ba shi kujera kamar kowa. Na tuna yadda Malama Hadiza ke riƙe mana hannu a aji.

Ƙarfe sha ɗaya aka kira yarinyar. Ta karanta da Faransanci, muryarta ba rawa, Asabe tana raɗa mini abin da ya kuɓuce mini. Labarin wata yarinya ne da uwarta ke kiran ƙannenta da suna, tana kiran maƙwabta da suna, har akuyar gidan tana da suna, ita kuwa "Ke" ce. Mutane suka yi dariya a wurin akuyar. Da ta zo inda yarinyar ta ɓuya bayan ƙofa tun hantsi har la'asar don dai a neme ta da suna, dariyar ta yanke. Na tuna ranar. Na neme ta gida uku, zanina a hannu, ina tambaya ko an ga babbar tamu.

An tafa mata sosai. Sannan wata dattijuwar marubuciya 'yar ƙasar, mai farin tabarau, ta zaunar da ita a teburinta. Ta yaba labarin, ta ce za a sa shi cikin littafin da za a buga wa sababbi. Sai ta ce amma uwar da ke ciki an hana ta baki, kuma marubuci ba ya yanke wa mutum hukunci bai ji ta bakinsa ba. Ta nuno ni da fensir, ta ce ga ta can ta yi tafiyar yini guda, je ki tambaye ta.

Muka zauna a kan dakali. Ta ce, "Mama, me na yi miki?"

Na gaya mata ba ta yi komai ba. Na ce kakarta har ta koma ga Allah ba ta ambaci sunan yayana, ɗanta na fari, ba, kuma duk gidan mun san shi ne ranta. Na ba ta labarin gida ukun nan. Ta saurara, ta rubuta wasu abubuwa a gefen takardarta. Sai ta ce ta fahimta, amma fahimta daban, ji da kunne daban. Na buɗe baki in kira sunanta, harshena ya ƙi. Haka muka koma Awendjé.

Lahadi: komawa

Ƙarfe biyar da rabi na asuba yarinyar ta raka ni tasha, ta sa jakata a mota, ta yi mini Allah kiyaye, ta juya. Ina kallon bayanta tana ratsa masu sayar da burodi, direba ya tada inji. Na leƙa ta taga.

"Rahama."

Ba ta juyo ba. Ina jin ba ta san sunan da muryata ba. Na ƙara, da ɗan ƙarfi. Ta tsaya, ta dawo a hankali har bakin taga, idonta jawur, tana murmushi.

"Mama, ashe kin san shi?"

Na ce ni na zaɓa, ubanki wani suna ya so. Na ce kuma labarin ya yi kyau, sai dai akuyar nan ba ni na raɗa mata suna ba, kada a buga mini ƙarya.

Mun iso Bitam ƙarfe bakwai na yamma lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Asabe da ba ta riƙe sirri ba, da dattijuwar nan mai fensir. Malam ya tambayi yadda na baro yarinyar. Na ce Rahama tana gaishe shi. Ya ajiye kofin shayinsa yana kallona.