Dutsen Da Na Ɗauke

Jiya ana haƙa rijiyar burtsatse a bayan gidanmu, ƙarar injin ta hana ni cin abinci. Kada ka ce rigimar tsufa ce. Wannan ƙarar na san ta tun ina yarinya.

Ana dab da samun 'yancin kai aka ce za a kewaye wani fili da waya a Fadaman Mada da ke Bauchi, shingen kuma zai bi ta gefen gonar kakana. A gefen nan aka binne ƙanena, wanda ƙyanda ta ɗauke tun yana goye. Babu wata alama sai baƙin dutse guda mai santsi. Bayan girbi muna wasan girki da ƙawayena, dutse ɗaya ya rage mu haɗa murhu. Na je wurin baƙin dutsen nan, na kuwa san ko na mene ne. Na ɗauke, na ce zan mayar, na manta.

Ran da tarakta ta zo, duk unguwa ta fito kallo. A bayanta an ɗaura wani dogon ƙarfe mai murɗiya. Direban ya ja wani hannu, ƙarfen ya sauka yana juyawa yana watso jar ƙasa, kafin ka ce kwabo ramin dirka ya samu. A matsa gaba, a sake wani.

Kakana ya tare gaban motar da sandarsa.

"Ɗana, akwai kabari a layin nan."

Direban, wani Kirista daga kudancin Bauchi, ya rage wuta. "Nuna mini wurin, Baba, in kauce."

Tsohon ya yi ta kai-komo cikin tushiyar dawa, yana tona ciyawa da sanda yana neman dutsen. Ina tsaye, na san wurin sarai, amma tsoron bulala ya ɗaure mini baki. A ƙarshe ya nuna wani wuri bisa zato, direban ya kauce masa taku uku.

A nan ƙarfen ya yi wata irin ƙara, ya fito da fasassun tukwane, irin waɗanda ake rufe kabari da su. Direban ya kashe mota, ya cire hularsa. Kakana ya durƙusa yana mayar da ƙasa da hannu biyu.

"Idona ne ya mutu," in ji shi. "Ni na nuna."

Yanzu wurin duk gidaje ne da shaguna, ni kaina ba zan gane layin ba, kuma duk wanda ya tsaya a gonar ranar ya riga ni tafiya. Kakana bai ƙara taka gonar ba har ya rasu. Shekara huɗu kullum ni ke kai masa tuwo, yana sa mini albarka, ban faɗa masa ba.